Maƙerin da Pip Ya Ji Kunyarsa

Ƙannena maza da mata, musamman ku da kuka bar gida neman ilimi, da ku da kuke zaune a hannun wani da ya ɗauki nauyinku, akwai wani tsohon littafin Turawa da nake so mu ɗan zauna a kansa. Sunansa Great Expectations, Charles Dickens na Ingila ne ya rubuta shi. An fara buga shi kashi-kashi a mujallarsa ta mako-mako daga Disambar 1860 zuwa Agustan 1861, kafin ya fito a matsayin littafi. Labarin Ingila ne tsantsa, da sanyinta da hazonta da kotunanta, kuma a can zan bar shi. Abin da ya ja ni gare shi shi ne manyan yaran biyu da ke cikinsa, Pip da Estella, dukansu 'yan riƙo ne. Babu wanda ya tashi a gaban iyayen da suka haife shi. Riƙo kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu, da wuya ka sami gidan Bahaushe da ba a taɓa riƙon wani a cikinsa ba, ko ba a ba da wani riƙo ba.

Pip maraya ne ɗan kimanin shekara bakwai, a wani ƙauye cikin fadamun yankin Kent. Uwarsa da ubansa da 'yan uwansa maza biyar duk suna maƙabartar cocin garin. Yayarsa ce ke riƙonsa, wadda ta girme shi da sama da shekara ashirin, kuma riƙon nata na duka ne da gori. Tana da bulala ta musamman. Kullum sai ta tuna masa irin wahalar da ta sha a kansa, baƙi ma idan sun zo cin abinci sai su taya ta, su ce yaro ya gode wa Allah ya gode mata. Mijinta Joe Gargery maƙeri ne, ƙato mai ƙarfi, bai iya karatu ba, ba ya haɗa jini da Pip ko kaɗan. Amma lokacin da ya nemi auren yayar, shi ya ce a taho da jaririn, maƙera ba za ta rasa wurin da za a ajiye shi ba.

Ku dubi Joe a teburin cin abincin Kirsimeti. Manya sun sa yaro a tsakiya, wannan ya ce ba shi da godiya, wancan ya yi misali da shi. Joe ba shi da bakin da zai tare masa. Abin da yake yi, duk lokacin da aka caccaki Pip sai ya ɗebo romo ya ƙara masa a kwano. Aka sake caccakarsa, ya sake ƙara romo, har kwanon ya cika. Iyakar abin da yake da iko a kai ke nan a gidan, kuma bai hana yaron ba.

A ranar ce kuma aka kama wani fursuna da ya tsere daga tsofaffin jiragen ruwan da gwamnati ta mayar kurkuku. Mutumin, Abel Magwitch, ya ritsa Pip a maƙabarta da jajibere, ya tsorata shi, ya sa ya sato masa abinci daga gida da magagari daga maƙera don ya yanke marin da ke ƙafarsa. Da sojoji suka kama shi, sai ya ce shi da kansa ya shiga gidan maƙeri ya yi satar, don kada a zargi yaron. Joe yana tsaye a wurin. Maimakon ya fusata, sai ya nuna masa ya yafe abincin, domin ko mene ne laifinsa ba za su so yunwa ta kashe shi ba. Pip yana kallo, yana ji. Da yawa daga tarbiyyar da ta zauna a zuciyar yaron nan a irin wannan wuri ya same ta, domin Joe bai taɓa zaunar da shi ya yi masa wa'azi ba.

A babi na 7 ne ake gane asalin Joe. Ubansa mashayi ne, yana dukan uwarsa, yana dukansa. Uwar ta sha guduwa da shi ta sa shi makaranta, uban ya bi su ya dawo da su, shi ya sa bai yi karatu ba. Ya ga yadda mahaifiyarsa ta ƙare rayuwarta cikin bauta da baƙin ciki, sai ya ɗaukar wa kansa cewa gara a cuce shi da ya cuci mace. Wannan ne dalilin haƙurinsa da masifar matarsa. Ba zan ɓoye muku ba, a nan ina ganin gazawar Joe. Haƙurin nasa bai tsaya a kansa shi kaɗai ba, ya shafi bayan ƙaramin yaro da ake zane wa, kuma shi da kansa ya amsa daga baya cewa bai iya kare Pip yadda ya so ba. Duk da haka ku lura da abin da ya yi da gadon da ya samu. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma ga ɗan mashayi mai dukan mata ya tashi bai ɗaga wa iyalinsa hannu ba. Muguntar da ta biyo gidansu a kansa ta tsaya.

Yanzu ku ajiye shi kusa da Miss Havisham, wadda ta riƙi Estella. Ita ma an cuce ta, cuta mai ciwo. Attajira ce, magajiyar dukiyar ubanta. Wani mayaudari mai suna Compeyson ya nuna yana son ta, ya ci kuɗinta, ranar ɗaurin aure ya aiko mata da takarda cewa ya fasa. Takardar ta iso da ƙarfe tara saura minti ashirin, sai ta tsayar da duk agogunan gidan a daidai wannan lokaci. Shekaru suka wuce ba ta cire rigar amarcin ba har ta koma ruwan ɗorawa a jikinta, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a kan tebur, kek ɗin biki yana nan a inda aka ajiye shi, gizo-gizo ya yi saƙa a kansa, ɓeraye suna ci. Ta rufe tagogi, ta daina ganin rana. Sai ta sa lauyanta Jaggers ya samo mata yarinya ƙarama ta riƙa. Ta ce da farko nufinta ta kare yarinyar daga irin abin da ya same ta. Amma da ta ga kyan da yarinyar ke yi, sai ta mayar da ita makamin ramuwa a kan maza. Ta ba ta sutura, ta ba ta duwatsu masu daraja, ta tura ta ƙasar waje karatu, ta kuma koya mata kada ta ji tausayin kowa.

Idan da kuɗi ake auna riƙo, Estella ta fi Pip gata nesa ba kusa ba. Amma akwai daren da Miss Havisham ta riƙe ta tana kuka, tana neman ta nuna mata ƙauna, tana kiran ta mai taurin zuciya. Estella ta amsa mata cikin sanyin murya cewa ai ita ta gina ta haka, ba za ta iya ba ta abin da ba a taɓa koya mata ba. Daga nan ta auri Bentley Drummle, mutum marar mutunci da kowa ya san halinsa, ya kuwa wulaƙanta ta ya azabtar da ita. Miss Havisham ta gane ɓarnar da ta yi, ta durƙusa a gaban Pip tana neman gafara, amma ƙuruciyar yarinyar ta riga ta tafi. Ku 'yan mata, wata rana riƙon wani zai faɗo hannunku, ko naku na cikinku ko na 'yar uwa. Baƙin cikin da wani namiji ko wata kishiya ko wani dangi ya cusa muku, ku nemi inda za ku sauke shi, kada ya zama a kunnen yaro.

A gidan Miss Havisham ne aka fara kai Pip don ya yi wa tsohuwar wasa, kuma a nan cutarsa ta samo asali. Suna karta da Estella sai ta dubi hannayensa ta ce kaushi gare su, ta dubi takalmansa ta ce na talakawa ne. Kafin ranar bai taɓa sanin akwai abin kunya a hannunsa ba. Ya koma gida yana jin haushin Joe bai koya masa irin maganar masu kuɗi ba. Da lokacin koyon sana'a ya yi, Miss Havisham ta biya masa fam 26 da sule 5 aka ɗaura shi a maƙerar Joe, abin da a da yake ɗoki. Yanzu kuwa yana jan zuga-zugi yana fargabar kada Estella ta leƙo ta taga ta gan shi da baƙin gawayi a fuska.

Kada ku fahimce ni a karkace. Son Pip na ya yi ilimi ya ga duniya ba laifi ba ne, kuma ban rubuta wannan don in ce kowa ya zauna inda aka haife shi ba. Joe da kansa bai taɓa tare masa hanya ba. A shekara ta huɗu ta koyon ƙira, Jaggers ya zo da labarin cewa wani da bai yarda a faɗi sunansa ba zai ɗauki nauyin Pip, a kai shi Landan a mayar da shi babban mutum. Lauyan ya yi wa Joe tayin kuɗi a madadin yaron aikin da zai rasa. Joe ya sake shi nan take, kuɗin kuma ya ƙi karɓa, har ya nemi ya fusata da aka nanata, domin a wurinsa ba yaron aiki zai rasa ba. Cikin duk manyan da suka sa hannu a rayuwar Pip, shi kaɗai ne bai nemi komai a kansa ba. Yayarsa tana neman godiya. Pumblechook, kawun Joe mai sayar da hatsi, wanda a da yake takura wa yaron, yana jin labarin arziki ya fara yawo a gari yana cewa shi ne silar komai. Miss Havisham ta bar shi yana zaton ita ce mai biyan kuɗin, don ta ƙona ran danginta masu jiran gado.

Babi na 27 shi ne wanda nake so kowane ɗalibi ya karanta a tsanake. Joe ya aiko cewa zai zo Landan. Pip, wanda yanzu har ɗan aike ya ɗauka ya ɗinka masa kayan aiki, ya faɗa da bakinsa cewa da kuɗi za su hana zuwan da ya biya. Joe ya hau bene da manyan takalmansa, cikin kayan fita da suka shaƙe masa wuya. Ya rasa inda zai ajiye hularsa, ya ɗora ta a gefen murhu, tana faɗowa yana cafewa, tana faɗowa yana cafewa. Ya ruɗe a kan tebur. Yaron da ya goya, yau Joe yana kiransa da irin kiran da ake yi wa manya, kamar a ce ranka ya daɗe. Pip yana zaune yana jin haushi, bai yi ko abu ɗaya da zai sa baƙon nasa ya sake ba. Da Joe zai tafi sai ya faɗa masa a hankali cewa laifin ba na kowa ba ne, shi dai bai dace da waɗannan kaya da wannan wuri ba, in Pip yana son ganinsa yadda yake, ya zo maƙera ya same shi a bakin aiki. Ya tafi da mutuncinsa cikakke.

Akwai abin da Pip ya tona game da kansa a nan wanda ya kamata ya tsaya muku a rai. Ba idon abokinsa Herbert Pocket yake tsoro ba, wanda yake ƙauna yake girmamawa, domin ya san Herbert zai karɓi Joe hannu biyu. Idon Drummle yake tsoro, mutumin da shi kansa ya raina. Ku binciki kanku a kan wannan. Ranar da mahaifinku ko kawunku ya zo makaranta da tsohuwar riga da ƙullin ƙuli-ƙuli ko garin kwaki a hannu, kuka ji gabanku ya faɗi, wa kuke tsoron ya gani? Za ku tarar ba abokan kirki ba ne. Waɗanda ba za su zo gaishe ku ba in kun kwanta ciwo, su ne kuke shirin wulaƙanta naku saboda su.

Washegarin zuwan Joe, Pip ya tafi garinsu saboda Estella ta dawo. Ya san a maƙera ya kamata ya kwana, amma ya yi ta ƙirƙiro wa kansa dalilai, ba a shirya masa gado ba, zai takura musu, ya yi nisa da gidan Miss Havisham, har ya sauka a masaukin baƙi. Da ya koma Landan sai ya aika wa Joe kifi da kayan teku don ya rage nauyin da ke zuciyarsa. Da yayarsa ta rasu ya zo jana'iza, ya yi wa Biddy, yarinyar da ta yi jinyarta, alkawarin zai riƙa zuwa a kai a kai. Biddy ta yi shiru. Ya ji haushin shirun, ya zarge ta da mugun zato, sannan bai zo ba. A yau aika kuɗi ta waya ya sauƙaƙa wannan hali ƙwarai. Aiken yana da amfani, ku ci gaba da yi, amma zumunci a ƙafa yake, kuma tsoho ya san bambancin saƙo da sallama a ƙofar gida.

Pip yana da shekara 23, a wani dare mai ruwa da iska, mai ɗaukar nauyin nasa ya bayyana. Magwitch ne, fursunan fadama. An kore shi zuwa Ostireliya har ƙarshen rayuwarsa, ya yi kiwon tumaki a can ya yi arziki, duk abin da ya samu yana turo wa yaron da ya taɓa ciyar da shi. Dawowarsa Ingila hukuncinta rataya ne, ya sani, ya dawo don ya ga abin da ya gina. Pip ya ji ƙyamarsa har cikin ƙashi. Sai a daren ya gane saboda kuɗin wa ya juya wa Joe baya.

Magwitch ya fi sauran wuyar yanke wa hukunci, kuma ina jin tausayinsa. Shi ba wanda ya riƙe shi ko da riƙon duka. Abin da ya fara sani game da kansa shi ne yana satar abin gona don ya rayu. Da aka gurfanar da shi tare da Compeyson, mayaudarin nan dai da ya lalata rayuwar Miss Havisham, aka ba Compeyson shekara 7 saboda shigarsa da iya bakinsa, shi kuwa aka ba shi 14. Don haka son da yake yi wa Pip gaskiya ne, amma a gauraye yake da ramuwa. Yana so ya nuna wa masu raina shi cewa shi ma ya mallaki ɗan gata irin nasu. Ta wannan fuska shi da Miss Havisham hanyarsu ɗaya, kowanne ya ɗauki yaro ya sassaƙa don ya huce haushin duniya. Dickens ya ƙara ɗaure zaren da ya bayyana cewa Estella, wadda ta raina Pip saboda asalinsa, 'yar Magwitch ce ta cikinsa, uwarta kuma mai aikin gidan Jaggers.

Darasin da ke nan ga wanda ake biya wa makaranta yana da nauyi. Wanda ya taimake ku yana iya zama da nasa buri a kanku, wannan ba ya soke alherinsa, kuma ba ya wajabta muku ku zama abin da yake so in ya saɓa wa gaskiya. Pip ya daina karɓar kuɗin Magwitch, amma bai yar da mutumin ba. Ya ɓoye shi, ya shirya fitar da shi daga ƙasar ta kogi, da abin ya ci tura aka kama shi da munanan raunuka, ya tsaya kusa da shi a kotu yana riƙe da hannunsa a gaban jama'a. Yana zuwa wurinsa kullum a asibitin kurkuku, kuma kafin ya cika ya gaya masa 'yarsa tana raye. Gwamnati ta ƙwace dukiyar, Pip bai sami ko kwabo ba. A ganina a nan ya zama mutum, kuma abin da ya yi wa fursunan a ƙarshe shi ne abin da ya ga Joe ya yi masa a fadama tun yana ɗan shekara bakwai.

Akwai wani a littafin da ba a cika kula da shi ba, Wemmick, akawun Jaggers. A ofis mutum ne busasshe, ba ya maganar komai sai kuɗi. Amma a ɗan gidansa na katako a unguwar Walworth yana riƙe da tsohon ubansa kurma, yana haɗa masa abincin safe, yana gyaɗa masa kai don tsohon yana jin daɗin haka, kuma kowane dare da ƙarfe tara yana harba wata 'yar igwa saboda ita ce ƙarar da uban ke iya ji. Yana gabatar da shi ga baƙi da alfahari. Pip ya sha zuwa gidan, ya ga ɗan birni mai aikin ofis da bai ji kunyar tsohonsa ba, amma ya daɗe bai ɗauki darasin ba.

Bayan mutuwar Magwitch zazzaɓi ya kwantar da Pip, ga bashi ya yi masa katutu, har an zo kama shi a kan fam 123 da sule 15 da sisi. Abokan shaye-shayensa babu ko ɗaya. Da ya farfaɗo, fuskar da ya gani a bakin gado ta Joe ce. Ya bar maƙera ya zo ya yi makonni yana jinyarsa, yana ɗaukarsa kamar jariri, bai ambaci abin da ya wuce ba ko sau ɗaya. Amma da Pip ya fara samun ƙarfi sai Joe ya fara ja da baya, girmamawar nan mai nisanta mutane ta dawo bakinsa. Wata safiya ya tafi, ya bar 'yar takarda da hannunsa, don Biddy ta koya masa rubutu, tare da rasiɗin bashin da ya biya daga abin da ya tara da guduma. Wannan ja da baya ya fi komai yi mini ciwo a littafin. Joe ya yafe da zuciya ɗaya, amma shekarun da aka nuna masa ba a son ganinsa sun koya masa ɗari-ɗari, kuma Pip ya san shi ya koya masa. Ya bi shi gida da niyyar gyara komai har da neman auren Biddy, ya tarar ranar ce aka ɗaura aurenta da Joe. Ya nemi gafararsu suka yafe, ya tafi Masar aikin akawu a kamfanin su Herbert, ya biya basussukansa, bai sake ganinsu ba sai bayan shekara 11.

Dickens ya san wannan kunya daga cikin gida. A 1824 aka ɗaure mahaifinsa a kurkukun Marshalsea saboda bashi, shi kuma yana ɗan shekara 12 aka tura shi aiki a masana'antar man goge takalmi yana liƙa takardu a jikin kwalabe. Ya yi suna a duniya amma ya ɓoye wannan labari, jama'a ba su sani ba sai bayan rasuwarsa a 1870, da abokinsa John Forster ya rubuta tarihinsa. Shi ya sa bai tsani Pip ba, kuma bai sassauta masa ba.

Turancin littafin tsoho ne, musamman maganar Joe da ta Magwitch da aka rubuta yadda talakawan yankin ke furtawa, kuma babi 59 ne. Kada wannan ya kore ku. Akwai bugun da aka sauƙaƙa don ɗalibai, amma yawanci suna yanke ƙananan wuraren nan na romo da hula da kifi, waɗanda a cikinsu halin mutanen yake. In lokaci ya yi muku kaɗan, ku nemi cikakken bugu ku karanta babi na 7, da na 27, da na 39 inda Magwitch ya dawo, da na 57 inda Joe ya zo jinya, sannan in kun sami hutu ku koma farko ku bi shi a jere.